Kimiyyar Gyaran Kayan Kiɗa da Ladan Mai Gyara: Daga Kalangu Zuwa Fiyano

Gabatarwa

Unguwar Mandawari tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Kano. Ba ta da nisa da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, kuma ana danganta sunanta da Mandawa, wato Wangarawan ƙasar Mali, waɗanda tarihin Kano ya nuna sun iso a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Mazauna wannan yanki ba baƙin kiɗa ba ne. A lokacin hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, ana jin tambari da kakaki da algaita daga fada. A gidajen biki kuwa kalangu ne ke tashi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kayan kiɗa yana lalacewa, kuma yana da mai gyara shi. A nan ne wata tsohuwar jayayya take tasowa. Makaɗi zai biya kuɗi a yi wa kalangunsa sabon rufi, bayan kwana uku fatar ta saki, murya ta mutu. Shi ya ce an cuce shi, mai gyara kuwa ya ce damina ce. Wane ne mai gaskiya? Irin wannan jayayya ana yin ta tsakanin mai fiyano da mai saita masa murya a Landan ko Legas. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ilmin halittu da ilmin sauti suna iya raba wannan gardama, domin wanda ya san abin da ke faruwa a cikin fata da itace da gashi shi ne zai iya bambance laifin yanayi da laifin mai gyara, ya kuma gane ladan da ya dace.

Yadda Murya Take Samuwa

Sauti kaɗawa ce. Idan gula ta bugi fata, sai fatar ta riƙa kai da komo da sauri, tana tura iskar da ke kusa da ita, motsin ya bazu da gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya har ya isa kunne. Yawan kai da komon da abu ya yi a daƙiƙa ɗaya shi ke sa murya ta zama siririya ko kakkaura. Ana auna shi da ma'aunin Hertz, ana taƙaita shi da Hz. Kaɗawa mai yawa tana ba da siririyar murya, kaɗawa kaɗan tana ba da kakkaura. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga Hz 20 zuwa Hz 20,000.

A shekarar 1636 wani masani ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana abubuwa uku da ke sarrafa muryar tsirkiya. Na farko tsawo: idan aka rage tsawon tsirkiya da rabi, yawan kaɗawarta yakan ninka sau 2. Na biyu ja: idan ana son a ninka kaɗawa sau 2, sai an ninka ƙarfin jan sau 4. Na uku nauyi: tsirkiya mai kauri ta fi siririya jinkirin kaɗawa. Fatar ganga ma tana bin kwatankwacin wannan ƙa'ida.

Makaɗan Hausa sun daɗe suna aiki da waɗannan dokoki. Mai goge yana rage tsawon tsirkiya da yatsunsa. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin da suka haɗa fatun biyu a ƙarƙashin hammatarsa, ja ya ƙaru, murya ta hau, ya sassauta ta sauko. Da haka ne kalangu yake kwaikwayon karin sautin Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Mai kotso kuwa yana manna naƙe a tsakiyar fata domin ya ƙara mata nauyi, murya ta yi kauri.

Kunnen Mai Gyara

Babban kayan aikin mai gyara shi ne kunnensa. Sauti yana kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su isar da motsin zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa a can cikin kunne. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000 a jere. Waɗanda ke bakin katantanwar suna amsa siririyar murya, na can ƙurya suna amsa kakkaura. Georg von Békésy ya sami lambar yabo ta Nobel a 1961 saboda bayyana wannan tsari. Waɗannan ƙwayoyi idan ƙara mai tsanani ta kashe su ba sa sake fitowa a jikin ɗan Adam.

Ƙwararren mai saiti yana sauraron wani abu da ake kira bugun saɓani. Idan tsirkiya ɗaya tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayar kuma sau 442, za a ji sautin yana ƙaruwa yana raguwa sau 2 a kowace daƙiƙa. Yana ta juya maɗauri har bugun ya yi jinkiri ya ɓace, sannan ya san muryoyin sun daidaita. Horar da kunne har ya kai wannan matsayi aikin shekaru ne, kuma yana cikin abin da ake biya idan an biya ladan gyara.

Fata da Gashi da Itace

Kusan duk kayan kiɗan gargajiya daga jikin halittu aka samo su. Ana sassaƙa kalangu da itace irin na alilliba, a rufe shi da siririyar fatar akuya. Tambari yana ɗaukar fatar sa. Goge ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa kuwa izgar doki ce, ana goga mata ƙaro domin ta kama. Garaya an san ta da fatar gada. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka lulluɓe da fata.

Ƙarfin fata yana cikin wani furotin mai suna kolajin, wanda zaruruwansa suke sarƙe da juna kamar saƙa. Kolajin yana shan ruwa. Idan ya sha, zaruruwan sukan yi laushi su miƙe, fata ta saki. Idan ya bushe, sukan tsuke, fata ta ɗaure. Wannan ne dalilin da ya sa ake rufa ganga da jiƙaƙƙiyar fata, a bar ta ta bushe a kanta. Shi ne kuma dalilin da ya sa ɗanyar fata ce ake so, wadda aka cire wa gashi aka kankare, ba jemammiya ba. Bagaruwar da majema suke amfani da ita tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda yake ɗaure zaruruwan kolajin ya bar fata da laushi ko da ta bushe. Irin wannan fata ta dace da jaka da takalmi, amma ba ta da amo.

Makaɗa sukan shanya ganga a rana ko su gasa ta a gefen wuta domin ta ɗaure. Dabarar tana aiki, amma tana da haɗari. Jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata idan zafinta ya kai wajen digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, kolajin yakan narke ya tattare, kuma ba ya komawa yadda yake. Fatar da aka yi wa haka takan yi gautsi ta fashe, ko da mai gyara ya yi aikinsa daidai.

Ingancin fata yana farawa tun dabba tana raye. Cizon kaska da ƙazuwa suna barin tabo, wuƙar mai fiɗa tana barin yanka, sannan akwai wani ƙwaro mai cin busasshiyar fata da busasshen kifi, wanda masana ke kira Dermestes maculatus, yana huda ta a wurin ajiya. Duk waɗannan aibobi ana ganin su idan aka ɗaga fata aka duba ta ta fuskar haske. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi sun yi suna a duniya saboda ƙarfin fatarsu da santsinta.

Izgar doki kuwa furotin ɗinta keratin ne, irin na gashin mutum, kuma ita ma tana tsawo idan ta sha laima. Gashi yakan ƙaru da kimanin kashi 2.5 cikin 100 daga busasshiyar iska zuwa wadda ta cika da laima. A kan wannan ne Horace de Saussure na ƙasar Suwizalan ya ƙera ma'aunin laima na gashi a 1783. Itace ma haka yake. A iskar da laimarta take kashi 20 cikin 100, ruwan da ke cikin busasshen itace bai wuce kashi 4 zuwa 5 ba, amma a laima kashi 80 yakan kai wajen kashi 16. Yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, shi ya sa itacen da aka sassaƙa tun bai gama bushewa ba yake tsagewa da hunturu.

Yanayin Kano

Kano tana cikin wuraren da wannan sauyi yake da tsanani. Da hunturu da farkon bazara laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a watan Agusta kuwa, lokacin marka, takan kai wajen kashi 80. Saboda haka kalangun da aka rufa a watan Janairu dole ya saki a Agusta, wanda aka ɗaure tamau a Agusta kuma yana iya fashewa a Janairu. Tun da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Sallah tana zagaya dukkan yanayoyin shekara a cikin shekara 33. Makaɗan fada ke nan suna haɗuwa da hawa a cikin marka, suna kuma haɗuwa da shi a tsakiyar hunturu.

Daga nan za a iya raba gardamar da aka ambata a farko. Idan fata ta saki a ranar hadari, ta kuma dawo da muryarta bayan an shanya ta, wannan aikin yanayi ne, babu laifin kowa. Idan ta saki ta gefe ɗaya, ko ɗinki ya warware, ko ta yage daga wani tabo ko yankan wuƙa, wannan daga aiki ne ko daga zaɓen fata. Idan kuwa ta fashe da alamar ƙuna, to mai ita ya tuhumi wutar da ya gasa ta.

Darasi Daga Fiyano

Abin da aka fi sani da fiyano a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano shi ne na lantarki, wanda ba shi da tsirkiya, ba ya kuma buƙatar saiti. Fiyano na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, halittarsa daban ce. Na zamani yana da maɓallai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230, jimlar jansu tana kai tan 18 zuwa 20. Muryarsa tana farawa daga Hz 27.5 zuwa Hz 4,186. Duk da yawan ƙarfen, shi ma halittu ne suke riƙe da shi: allon da ke ƙara amo itace ne, kawunan gudumominsa ulun tumaki ne, a da kuma hauren giwa ake shimfiɗa wa maɓallansa, kafin yarjejeniyar CITES ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989.

Abin lura shi ne fiyano da kalangu suna amsa laima ta hanyoyi masu saɓani. Da damina allon fiyano yakan kumbura ya ƙara jan tsirkiya, murya ta hau, alhali ta kalangu sauka take yi. Da hunturu allon ya tsuke, murya ta sauko. Shi ya sa masu ƙera shi suke ba da shawarar a saita shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, sabo kuwa fiye da haka a shekararsa ta farko.

Masu wannan sana'a sun rage jayayya da abubuwa uku. Na farko ma'auni guda. Wani taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Landan a 1939 ya amince da Hz 440 a matsayin muryar da ake saiti a kanta, hukumar ISO ta tabbatar da shi a 1955, ta sake jaddada shi a 1975. Na biyu jarrabawa. Ƙungiyar masu gyaran fiyano ta Amurka, wadda aka kafa a 1957, ba ta ba mutum shaidar ƙwarewa sai ya ci jarrabawa uku: ta rubutu da ta gyara da ta saiti. Na uku rarrabe ayyuka. Saiti daban, gyaran gudumomi da maɓallai daban, sauya tsirkiya daban, kowanne da kuɗinsa. Fiyanon da aka yi shekaru ba a taɓa ba, muryarsa ta faɗi ƙwarai, sai an fara ɗaga dukkan tsirkiyoyin sannan a dawo a daidaita su, domin jan ɗaya yana sauya na maƙwabtanta. Wannan aiki biyu ne, kuma mai gaskiya yakan faɗi haka kafin ya fara.

Kalangu ba ya buƙatar Hz 440, domin ma'auninsa harshen Hausa ne da muryar mawaƙi. Amma rarrabe ayyuka da faɗin farashi tun farko darasi ne da ya shafi kowane mai gyara.

Yadda Ake Ƙididdige Lada

Ladan da ya dace yana ƙunshe da abubuwa biyar: kuɗin kaya, wato fata da tsirkiya da zare, lokacin da aikin ya ci, har da kwanakin jiƙo da shanya, ƙwarewa, asarar da ba a kauce mata, domin wata fatar takan yage a hannun mai rufi, da kuɗin zirga-zirga idan shi ne ya je inda kayan suke. Fatar guza tana da ƙarin lamari, domin dabbar daji ce da ke cikin jerin halittun da CITES take sa ido a kan cinikinsu, kuma samunta ba kamar na fatar akuya ba ne.

Ga wani lissafi. Alƙaluman na misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A ƙaddara mai gyara na farko yana karɓar naira 4,000, rufinsa yana yin wata 4. Na biyu yana karɓar naira 7,500, rufinsa yana yin wata 12. Aikin na farko ya tashi naira 1,000 a wata, na biyu naira 625. A shekara, mai neman sauƙi zai kashe naira 12,000, ban da bikin da zai rasa ranar da fata ta fashe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sai dai tsada ma ba hujjar inganci ba ce. Abin dubawa shi ne me aka saka, me aka yi, tsawon wane lokaci zai yi.

Ƙa'idojin Aiki Nagari

Waɗannan ƙa'idoji ba baƙi ba ne a birnin Kano. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya nuna cewa sharaɗin ijara shi ne a ambaci lada tun farko, kuma masu sana'a suna lamunin kayan da aka bar musu a hannu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta tanadi bayyana farashi da yin aiki mai inganci a kan lokaci. Idan aka haɗa waɗannan da abin da kimiyya ta nuna, za a sami ƙa'idoji shida:

1. A duba kayan a gaban mai shi, a faɗi ainihin matsalar kafin a ambaci kuɗi.
2. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a yanke su kafin a fara. Idan an ba da kafin alƙalami, a rubuta ko a kafa shaida.
3. A nuna fatar da za a saka, a ɗaga ta a haske, a faɗi ta wace dabba ce.
4. Idan wata ɓarna ta bayyana a tsakiyar aiki, kamar tsagewar itace, a tsaya a sanar da mai kaya.
5. A yanke wa'adin gwaji. Abin da ya lalace daga ɗinki ko aibin fata a cikin wa'adin, gyaransa yana kan mai aiki.
6. Mai kaya shi ma ya faɗi gaskiya a kan yadda ya ajiye kayansa, ya biya lada a kan lokaci, kada ya matsa a ba shi ganga tun ba ta bushe ba.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna waɗannan bayanai da kaya masu sauƙi. A sami gwangwani biyu masu girma ɗaya, a rufe ɗaya da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fatar akuya, ɗayan da jemammiya, a ɗaure su, a bar su kwana biyu a inuwa, sannan a kwatanta amonsu. Bayan haka a lulluɓe na ɗanyar fata da jiƙaƙƙen tsumma na minti 15, a sake bugawa, ɗalibai su rubuta sauyin da suka ji. A gwaji na biyu, a wanke silin izga mai tsawon santimita 40 da sabulu, a rataye shi da ƙaramin nauyi a gefen rula, a auna tsawonsa a busasshiyar rana da kuma bayan an kusantar da shi ga tururi.

Kammalawa

Fata da gashi da itace ba sa daina amsa laimar iska ko bayan sun rabu da halittun da suka fito daga jikinsu. Saboda haka babu saitin da yake dawwama, ko na kalangu ne ko na fiyano, kuma mai gyaran da ya yi alkawarin haka bai faɗi gaskiya ba. Abin da ake biyansa shi ne zaɓen kaya nagari da aiki mai ƙarko da kunne horarre. Idan makaɗa ba su gane wannan ba, za su riƙa bin mai araha har ƙwararru su bar sana'ar. Idan masu gyara suka ɓoye shi, za su rasa amincewar jama'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa muryar kalangu take sauka da damina, alhali ta fiyano hawa take yi?
2. Tsirkiya tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa. Sau nawa za a ninka janta kafin ta kai 440?
3. Tsirkiyoyi biyu suna kaɗawa sau 440 da sau 443 a daƙiƙa. Bugun saɓani nawa za a ji a daƙiƙa 10?
4. A kawo alamomi uku da ke nuna cewa lalacewar rufi daga aiki ne, ba daga yanayi ba.